Kiɗan Gugar Zulma

Shekara talatin da 'yan kai muka yi ni da Herminia Bentancor a ƙarƙashin rufi ɗaya, ni a sama ita a ƙasa, kuma ban tuna ranar da bakinmu ya zo ɗaya a kan kiɗa ba. Kantin faifai na Casa Ravaglio ke nan, a titin 18 de Julio, inda yanzu ake sayar da rigunan waya. Ni Nélida nake riƙe da sashen bakin titi, wurin tango da kumbiya da duk abin da yara ke yayi a makon. Ita kuwa sai ka sauka matakala zuwa ɗakin ƙasa, inda kiɗan manya yake: na makaɗa sittin ko tamanin masu baƙar kwat, da goge da fiyano da sarewa, su kwashe rabin sa'a ba wanda ya buɗe baki ya yi waƙa. Ni kiɗan jana'iza nake ce masa. Ita kuma nawa faɗan tukwane take kiransa.

Herminia 'yar unguwar Cerro ce, ubanta a ma'aikatar nama ya ƙare rayuwarsa. Shara aka ɗauke ta yi tana budurwa, sai tsohon Ravaglio mai kantin ya lura duk faifan da aka saka da safe, da yamma yarinyar nan tana bin sa da hanci tana goge kantoci, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya. Ya karɓe tsintsiyar ya tura ta ƙasa. Ba ta taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba, ba ta iya kaɗa komai ba, aure ma sau ɗaya aka yi maganarsa ta watse. Kunne Allah ya ba ta, da shi ta ci abinci har ta tsufa.

Masu sayen irin kiɗanta kashi biyu ne. Akwai masu zuwa da suna a baki, dogo kamar jirgin ƙasa, su faɗi wanda ya tsara da wanda ya kaɗa da garin da aka ɗauka. Waɗannan ba sa ba ta wahala, ba sa kuma ba ta nishaɗi. Nata mutanen su ne waɗanda suka ji abu a rediyo suna aski ko suna wanke-wanke, kafin su goge hannu mai sanarwa ya faɗi suna ya wuce. Su sauko suna sosa ƙeya, su fara kame-kame. Sai ta ajiye ƙoƙon mate ɗinta, shayin ganyen da muke sha, ta ce, "Bar dogon bayani. Yi min da baki."

Nan ne nake sauko wa rabin matakala in sha kallo. Ƙaton mutum mai gashin baki, hula a hannu, yana "lara-lari" kamar ɗan firamare. Alƙali na yi, mahauci na yi, matar likita na yi. Herminia ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba, ni ce mai yi a madadinta. Takan rufe ido ta ce, "Sake." Wani lokaci ta ce a sake har sau uku. Daga nan ta miƙe ta nufi kantar faifai ta zaro ɗaya, ta riƙe shi ta gefe-gefe da tafin hannu kamar ƙwai. Akwai 'yan ɗakunan katako biyu a lungu, kowanne da benci da garmaho. Sai ka shiga ka saurara ka tabbatar kafin ta bari ka taɓa aljihu, don ita ba ta cinikin biri a sama. In mutum ya fito yana murmushi, ranar ta yi mata kyau ko bai saya ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan, don a sama mu ake yi wa faɗa in ciniki ya yi ƙasa.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, Don Atilio Larrosa, tsohon direban bas. Ya fara zuwa a shekarar da matarsa Zulma ta rasu. Ya ce akwai wani kiɗa da takan yi da baki duk lokacin da take guge masa rigunan aiki, tun suna amarya da ango. Ya san a gidan ubanta ta koya, can Paysandú, daga wani faifai. Sunansa kuwa bai sani ba.

"Ba ka taɓa tambayarta ba?" in ji Herminia.

"Doña Herminia, wa ke tambayar matarsa sunan abin da take yi tana guga? Na ɗauka tana nan."

Ya yi mata da baki. Kiɗa ne mai tsalle-tsalle, mai sa ƙafa motsi, ya hau sama ya juyo ya sake hawa. Herminia ta rufe ido, ta ce ya sake, ya sake, ta buɗe ido ba ta miƙe ba. Ban taɓa ganin haka ba. Ta ce, "Na san shi. Wallahi na san shi. Dawo Asabar."

Asabar ɗin nan ita ce ta zama shekaru. Kowace Asabar da hantsi yana tafe da ƙunshin 'yan burodi masu zaƙi daga gidan burodin kwana, ita kuma ta ware masa faifai biyu ko uku na kiɗan rawa. Ya shiga ɗakin katako, ya fito yana girgiza kai, su zauna su sha mate ana zagaya ƙoƙo. Nakan tsokane su in ce, "Ku dai ku faɗi gaskiya mu ɗinka kaya." Herminia ta ce, "Koma kan tukwanenki, Nélida, tsofai-tsofai da ke ba kya jin kunya." Amma na san abin na cin ta. Ta rubuta wa 'yan gidan rediyo, ta tare malaman kiɗa a bakin matakala ta yi musu da bakinta. Kowa ya ce kamar ya sani.

Ana cikin haka duniya ta juya mana baya. Kaset ya zo muka ce ba komai, ƙananan faifai masu ƙyalli suka zo muka ma samu kasuwa na ɗan lokaci. Abin da ya kashe ɗakin ƙasa ba na'ura ba ce kaɗai, mutuwa ce. Herminia ta koma buɗe jarida daga shafin sanarwar rasuwa, ta ce, "Mai son sarewan nan ya tafi," ko "Ba za mu ƙara ganin matar nan mai lema ba." Ba a kuma samun masu maye gurbi. 'Ya'yansu sukan zo ne da kwali a hannu suna tambaya ko muna sayen tsofaffin faifai. Yara kuwa sun gano hanyar jawo kiɗa kyauta daga kwamfuta, mai son na manya ma ya aika a kawo masa daga waje. Fabián, jikan tsohon Ravaglio, ya cire ɗakin katako ɗaya ya jera riguna masu hoton mawaƙa a wurin. Manyan baƙaƙen faifan da Herminia ta girma da su aka tura ƙarƙashin matakala. Ban zarge shi ba, zamani riga ne. Amma ina kewar lokacin da ranar Asabar sai an yi layi a ƙofar ɗakunan nan, ana raɗa kamar a coci, ƙamshin kwali da taba da rigar ruwan sama ya cika wurin.

Shi ma Don Atilio ya fara zubewa. 'Yarsa ce ta koma rako shi, ta ja ni gefe ta ce yana barin gas a kunne, yana kiran ta da sunan uwarta. Kiɗan da yake yi mai tsawo a da, yanzu farkonsa kawai yake kamawa sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Herminia ce ke ƙarasa masa. Wata Asabar ya ce, "Doña, fuskar Zulma sai na duba hoto. In wannan ma ya tafi, me ya rage mini?"

A tsakiyar sanyin shekarar Fabián ya tara mu ya ce ƙarshen Agusta za a rufe. Abin da ya rage na tsofaffin faifai wani ɗan kasuwar Lahadi ta Tristán Narvaja zai kwashe gaba ɗaya, ya baza a ƙasa kusa da masu tsuntsaye da tsofaffin takalma. Washegari na sami Herminia ta jawo akwatunan ƙarƙashin matakala. Ta ce ta tabbata kiɗan yana cikin ɗakin nan, kuma ba faifan da zai fita sai ta ɗora masa allura ko da na ɗan lokaci ne.

"Ke tsohuwa, sun fi dubu," na ce.

"To ki sauko ki taya ni. A saman ma ƙuda kike kora."

Gaskiya ta faɗa, sai na sauko. Ita ta zaro ta goge, ni in ɗora, mu saurari kaɗan nan kaɗan can, ta ce "Cire." Haka muka yi ta yi har kunnena ya gaji da goge. A makon ƙarshe, ranar da aka wuni ana ruwa, mun aika an sayo mana wainar fulawa mai zafi muna ci muna aiki, ta miƙo mini wani faifai tana cewa, "Wannan ɓata lokaci ne, na sayar da ɗaruruwansa, amma ɗora."

Garmaho yana da ɗan maɓalli a gefe. Manyan faifai a hankali ake juya su, ƙanana irin na sashena masu waƙa ɗaya kuwa da sauri. Shekara da shekaru ina ɗora ƙananan nan ga 'yan makaranta, kuma sabo turken wawa. Hankalina na kan waina, hannuna ya murɗa maɓallin zuwa sauri ban sani ba.

"Nélida, ke kurma ce? Wane irin wulaƙanci kike wa..." Sai ta tsaya, baki buɗe. Na kai hannu zan gyara, ta buge mini shi. "Kar ki taɓa."

Kiɗan Zulma ne. Yana tsalle, yana hawa yana juyowa, daidai yadda tsohon ya yi shekaru yana yi mana. Faifan kuwa na babban goge ne mai kauri, kiɗa mai jan ƙafa da gidan rediyo ke sakawa in wani babba ya mutu. Da sauri ya zama na rawa, muryar ta sirance. Herminia ta zauna a kan akwati ta yi ta dariya har hawaye, daga baya na gane ba dariya kaɗai ba ce. "Yana gabana," take cewa. "Kullum yana gabana, ni kuma ina can ina tonon kiɗan rawa."

Asabar ɗin ƙarshe ma'aikatan ɗan kasuwar su biyu sun riga sun zo da kwalaye lokacin da Don Atilio ya sauko, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Herminia ta zaunar da shi a benci ta bar ƙofar a buɗe. Da gangan ta fara saka masa yadda aka yi shi, a hankali. Ya saurara kaɗan ya ɗago.

"Doña, wa ya mutu kuma?"

Ta murɗa maɓallin.

Ba zan iya kwatanta fuskarsa ba, ba zan kuma gwada ba. Hannunsa na dama ne ya fara tafiya a kan gwiwarsa, gaba da baya, gaba da baya, irin na mai guga. Can ya ce, a fili tar kamar ba shi ne mai mantuwa ba, "Garmahon surukina. A cacar coci ya ci shi, maɓallin ya karye ya maƙale a kan sauri tun ranar farko. Mu duka mun ɗauka haka mutanen birni ke kiɗa." Ya yi 'yar dariya. "Zulma, ashe kiɗan makoki kike guge mini riga da shi."

Da saurin nan kiɗan bai daɗe ba ya ƙare. Herminia ta mayar da allura farko, ya sake ƙarewa. Ta kai hannu za ta saka na uku, ya riƙe mata hannun riga.

"Mayar da shi a hankali, Doña."

"Ai ba haka take yi ba, Don Atilio."

"Na sani. Yanzu na gane ta ko a yaya ta zo. Da saurin nan, nan da nan take gama gugar ta tafi. Bar ta ta daɗe."

Herminia ta mayar da maɓallin, ta fito ta ja masa ƙofar. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya matso da abin kwance ƙusa, don ɗakin katakon ma yana cikin abin da za a ɗauka. Ta ɗaga masa hannu kawai. Muka tsaya mu duka a cikin kwalaye, ni da ita da 'yar da mazan nan biyu, ba wanda ya taɓa komai har allura ta kai ƙarshe.