Ɗigon Jinin Ɗiyata a Yamai

Ladanin unguwarmu bai gama kiran asuba ba muka fita daga gida, ni da ɗiyata ta fari, mahaifinta yana biye da mu da jaka a kafaɗa, fuska a ɗaure. Haka muka isa tashar mota ta Maraɗi. Sai da za mu hau ya ja ni gefe ya ce, "In wani abu ya same ta a hanya, ke kika ce a je." Na ce na ji. Maganar kuwa ta bi ni har kan kujera.

Ga waɗanda ba su sani ba cikin masu bibiyata, ɗiyar nan tawa da sikila aka haife ta. Sanyi yana tayar mata da ciwon, zafi ma haka, ƙishirwa da gajiya kuwa ba a magana. Tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Malaminsu na fizik ne ya gaya musu za a yi taro a Yamai don karrama masana kimiyya baƙar fata da ke aiki a fannin biyofizik, wato masu amfani da ilimin fizik don gane yadda jikin mai rai yake aiki. Cikin waɗanda za a karrama har da wata mace mai bincike a kan jinin masu sikila. Tun da ta ji haka ba ta bar ni na huta ba. Ni da ban taɓa barinta ta yi nisa da gida ba, sai na ji bakina ya ce to.

Rigimata ta farko da na'urar sanyaya mota na yi ta. Sanyi ne ake hura mana a ka kamar an ɗauko kifi. Na lulluɓe ta da bargo, na roƙi direba ya rage. Yana ragewa wani Alhaji mai ƙiba a bayanmu ya ɗaga murya, wai shi kuɗin sanyi ya biya, ba na a gasa shi ba. Na cire safata na toshe ramin iskar da ke saman kanta. Wata tsohuwa da ke gefe ta kalle ni, ta cire ɗankwalinta na ciki ta toshe nata.

Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramuka ne da ke sa hanjin mutum ya koma wuya. Duk ramin da muka faɗa, fuskarta nake kallo, ba hanya ba. A Galmi warin albasa ya riga garin shigowa mota. Buhuna jibge a bakin titi, arha har na ji takaicin abin da nake biya a kasuwarmu. A Ƙonni aka tsaya, na sayi gasasshen nama da ruwan leda da yawa. Nan na gane yarinyar tana ta zuba mini ido ne kawai, ba ta sha, don tana tsoron fitsari ya kama ta motar ba ta tsayawa. Na tsaya a kanta sai da ta shanye biyu. Shingayen jandarma kuma ba su da iyaka: a sauko, a nuna katin shaida, a taka a ƙasa cikin rana, a sake hawa cikin sanyi. Wannan shiga da fita tsakanin zafi da sanyi shi ne ainihin abin da likitanta ya hana.

Kafin Doso taya ta fashe. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiya da inuwarta ba ta kai ta rufe akuya ba. Na ga leɓenta ya bushe, idonta ya ɗan yi rawaya. Na tambaye ta, ta ce lafiya lau. Na san wannan "lafiya lau" ɗin; ita take faɗa kafin ta kwanta.

Da magariba muka shiga Yamai. Taksi ya haye gada da mu zuwa Kirkisoy, inda ƙanwata take aure. Kogin ya cika, masunta suna komawa gida cikin kwalekwale, ɗiyata ta manna goshi a gilashi tana kallo. Ƙanwata ta tarbe mu da dambu da zogale, irin na Zabarmawa, mai man gyaɗa da yaji. Yarinyar ta ci loma kaɗan ta ture.

Gari na wayewa ciwon ya taso, daga gwiwa zuwa ƙugu. Ba ta yi kuka ba, matashi ta ciza. Mijin ƙanwata ya kai mu wani ƙaramin asibiti a unguwar, aka ɗaura mata ruwa, aka yi allurar rage zafi. Ina zaune ina kallon ruwan yana ɗiga, wayata tana ta ruri a jaka. Mahaifinta ne. Na ɗauka na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Da an sallame ku, ku kamo hanya."

Bayan azahar zafin ya lafa. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, an gama taron?"

Na ce, "Ko ba a gama ba, ba inda za ki."

Ta ce, "Ciwon nan ko a gida nake zai zo. Kada ya zo, kuma in koma ban ga komai ba."

Na fita na sami likitar da ke duba ta na tambaye ta, ina fatan ta hana, in huta. Sai ta ce in yarinyar za ta zauna, ta riƙa shan ruwa, kuma mu dawo da zarar ta ji wani abu, ba za ta tare mu ba. Haka muka shiga taksi, auduga manne a hannunta.

Mun tarar an riga an raba kyaututtuka, mutane suna ta fita. A bangon zauren an jera hotunan masana, maza da mata, na nan Afirka da na ƙetare, dukansu baƙaƙe kamar mu. Ƙarƙashin kowane an rubuta aikinsa: wani yana nazarin yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ke huda jini, wata tana auna yadda tushen hatsi ke jan ruwa a busasshiyar ƙasa. Ɗiyata tana ɗingishi tana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ni kujera nake nema mata.

A can ƙarshen zaure muka sami matar da muka zo dominta, tana naɗe wayoyin na'urorinta. Ƴar gajeruwa ce da atamfa da tabarau, ba yadda na zana ta a raina ba. Ta ce a Gudel aka haife ta, a bakin kogi, ta yi shekaru tana karatu a waje ta dawo. Hausarta ta kasuwar Yamai ce, sai ta ce wa ɗiyata "ka zauna", ta gyara, ta sake ɓatawa, har yarinyar ta yi dariyarta ta farko a ranar. Da ta ga audugar ta tambaya, muka gaya mata daga inda muke. Sai ta sake jona wayoyin da ta kwance.

Ta nuna mana wani ɗan gilashi mai hanyoyi a ciki, sun fi gashi siriri, ta ce kwaikwayon ƙananan jijiyoyin jiki ne. A allo muka ga ƙwayoyin jinin mai lafiya, zagayayyu, suna lanƙwasa suna wucewa. Sannan ta nemi izinina, ta sa safar hannu, ta huda yatsan ɗiyata da sabuwar allura, ta ɗiga a wani gilashin. Na kau da kai. Sai da yarinyar ta ja mayafina na duba.

Ga su nan, wasu zagayayyu, wasu sun miƙe sun yi tsini kamar lauje. Ɗaya ta zo bakin siririyar hanya ta tokare, na baya suka taru a kanta. Matar ta ce, "In haka ya faru a gwiwarki, shi ne abin da kika ji da safe." Shekara da shekaru ina jin maganganu: wai iska ce, wai baki ne, wai daga danginmu ne. Na sha ba ta jiƙe-jiƙe. Ban taɓa ganin abin da ke cin ɗiyata da idona ba sai ranar. Na zauna a kujerar da na samo mata.

Ɗiyata ta ce, "Dakta, kina da maganinsa?"

Ta ce, "Ba ni da shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Aikina shi ne in auna yaushe suke tauri, da abin da ke sassauta su, don masu haɗa magani su san inda za su nufa. Aikin yana da yawa, mu kuma kaɗan ne."

"In mutum yana so ya shiga, me zai karanta?"

"Fizik da lissafi, kada ki saki ko ɗaya. Ciwon zai riƙa tsayar da ke. In ya tsayar, ki tsaya, in ya sake ki, ki ci gaba." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, ke ce za ki fi shan wuya, don sai kin bar ta ta zo."

Mun ƙara kwana a Kirkisoy har ta warware. Na leƙa kasuwar Wadata na sayo mata rigar sanyi mai kauri, na sha turereniya da masu amalanke, na sayi kilishi na tsaraba. A hanyar dawowa ita da kanta take ƙirga ruwan da take sha, ba sai na tsaya a kanta ba. Ni dai ban runtsa ba har muka hango fitilun Maraɗi.

Yanzu muna gida, tana lafiya, ta koma lakwal ta ci gaba da karatu. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na ɗauka tsare ta a ɗaki shi ne kula da ita, ashe tsorona nake kula da shi. Na ga mutane masu irin fatarmu sun ɗauki ciwon da ke gidajenmu sun mai da shi aikin rayuwarsu, na kuma ga ɗiyata tana kallonsu kamar ta ga ƴan uwanta. Jiya ta kawo maganar jami'a a Yamai, in ta ci jarrabawa. Mahaifinta ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Tsoron yana nan kamar a asibitin nan, amma na ce mata ta fara cin jarrabawar, ni zan raka ta.