Waƙar Faranti a Lallena

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, hira ta zo da ni.

A unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, na yi budurci, bayan babban yaƙin Turawa, lokacin gidajenmu na kara ne da gwangwani. Babana ruwa yake sayarwa, da sanda a kafaɗa. Aka sa ranata da wani tela ɗan Sakkwato, kuma ina son sa, ba na ɓoyewa. Sai dai a shekarar nan kowa tsoron kiɗa yake, don an fasa wa wani mutum ganga a bainar jama'a. Babana ya ce ko ƙwarya ba za a kife a gidansa ba. Inna ta zauna ta yi tagumi. Ni kuwa abin da ke cin raina shi ne a sa ni lalle shiru, kamar gidan makoki.

Muna da maƙwabciya 'yar Yaman, mai gasa gurasa, Hala muke ce mata. Ta leƙo ta tarar da mu jugum.

"Wa ya mutu, ya jara?" ta tambayi Inna, haka take ce wa maƙwabciya da Larabci.

"Biki ne ya mutu. Malam ya hana kiɗa."

"To ina ruwan waƙa da ganga? Miƙo min farantin can."

Ta cire zobenta ta fara ƙwanƙwasa farantin tagulla, tana ba mu labari. A garinsu katanga ɗaya ta raba su da Yahudawa maƙeran azurfa. Matansu ba sa buga ganga, wai suna juyayin wani ɗakin ibadarsu da aka rushe tun zamanin da. Faranti suke bugawa, ko gwangwanin kananzir. A bakinsu ta koyi waƙar da suke yi wa amarya ranar lalle, ta bankwana da ɗakin uwa.

Babana ya shigo, ya tsaya da sandarsa.

"Waƙar Yahudu a gidana, Hajiya?"

"Malam, waƙar uwa da 'yarta ce. Ko su ba uwa ta haife su ba?"

"Akwai saɓo a ciki?"

"Akwai kuka, akwai albarka. Farantin kuwa naka ne, ɗazu ka ci tuwo a kai."

Sai ya ce to, a gama kafin magariba.

Ranar lalle, bayan la'asar, tsakar gida ta cika da Kanawa, da matan da suka biyo ta Sudan, da 'yan Yaman. Hala ta fara a hankali, muryar can ƙasa. Ba mu jin rabin kalmomin, amma Inna ta fashe da kuka, ni ma na bi ta. Ashe haka waƙar take, sai ta sa amarya kuka tukuna. Ana nan sai zoben ya ƙara sauri. Mata suka kama hannun juna suna zagaye ni, tana bayarwa suna amsawa. Gwaggona ta kasa daurewa, ta rangaɗa guɗa irin tamu, ta jefa amshi da Hausa, ya zauna daram. Wannan ta ɗauko murfin tukunya, waccan ta ɗauko turmin gahawa. Hannuna cikin lalle, ƙafata na rawa ƙarƙashin zane. Na hango Babana a bakin ƙofa, wai ya zo cewa lokaci ya yi, ga shi yana gyaɗa kai. Sai da aka kira salla muka tsaya.

Babana ya rasu yana sayar da ruwansa, Inna ta bi shi bayan aikin hajji biyu. Hala ta yi ta zuwa bukukuwan unguwa har ƙarfinta ya ƙare. Maƙwabtan nan nata Yahudawa, wani alhaji ya gaya mata sun tashi daga Yaman gaba ɗaya, ba ta ƙara jin labarinsu ba. Gwaggo ta koma Kano. Telan nan shi ne kakanku, ya yi ɗinki har ido ya hana shi. Ni kuwa ga ni a unguwar Ka'akiyya, ina jiran nawa lokacin.