Ungozomar da ba ta taɓa cikin 'yarta ba

Da wuya ka sami gida a Furfuri da Inna Asabe ba ta karɓi haihuwa a cikinsa ba. Ga ta da tsiwa, ga hannu mai sanyi. In mai ciki ta yi ƙorafin ɗa ya dame ta da shuri, sai ta harare ta: "Ƙyale shi, tahiya yaka koyo. Wa kika so shi koya mai, ubanai?"

Amma 'yarta Wasila 'yar fari ce. Asabe ba ta faɗin sunanta, ba ta haɗa ido da ita, haka ta gada. Da daminar 1998 aka kawo Wasila gida goyon ciki, sai ga ungozomar da ta shafa cikin rabin gari tana miƙa wa 'yarta kunu fuska a gefe. Ita ma yarinyar, cikin fari ne, kunya ta ɗaure mata baki.

Asabe dai tana lura. Ba ta taɓa ganin Wasila ta zabura ta dafe kwiɓi ba, yadda masu ciki ke yi. Abin ya ci mata rai, kullum sai ta ce gobe za ta tambaya, har ranar da naƙuda ta zo da gardama aka ɗauki mota zuwa asibiti a Gusau.

An sami mace, da ranta, sai dai gwiwoyinta a sanƙare suke, ba sa lanƙwasuwa. Likita ta zaunar da Asabe ta yi mata bayani: tun kafin ɗa ya san komai, lakar gadon bayansa ke motsa shi da kanta, da haka jijiyoyi ke gane hanyarsu, gaɓoɓi su saki. Wannan ba ta samu ta motsa sosai ba. Ta ce ba laifin kowa ba ne, kuma gashi da miƙa ƙafa za su taimaka.

Asabe ta zama abar tausayi. Ta koma ɗaki, ta zauna bakin gado, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Tun yaushe kij ji shiru? Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Wasila ta juya fuska bango. "Tun da nis sauka gida, Inna. Kullum in kin kawo kunu, sai in ce yau za ki aza hannu."