Kemistirin da na ci a banza

Ranar da na kai wa Matiron sakamakon jarrabawata ba ta taɓa barin raina ba, shi ya sa duk atendar da ta ce mini tana son karatun nas sai ta sha wannan labari, ko tana so ko ba ta so.

A lokacin ni ma atenda ce a ɗakin mata na wani asibiti a Jimeta. Aikin atenda shi ne gyaran gado, kwashe fo, da tura marar lafiya zuwa ɗakin hoto. Allura da magani kuwa sai dai ido. Kullum daga Yolde Pate nake fitowa, ni da ƙawata Rifkatu muna aikin safe tare, kwano ɗaya muke ci a bayan ɗakin wanki. Mun yi alkawari tare za mu sayi fom ɗin makarantar nas, tare za mu sa farar hula.

Makarantar tana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Rifkatu tana da su cif. Ni uku na fito da su daga sakandare, babu Kemistiri, babu Fizis. Sai na yi wayo irin nawa, na ce bari in bi su ɗaya bayan ɗaya kada su yi mini yawa. Na zauna jarrabawar ƙarshen shekara, na zuba ƙarfina duka a kan Kemistiri, takardar Fizis ko shiga ban yi ba. Da sakamako ya fito a tsakiyar bazara na ci, sai na nufi ofis ina ta washe baki.

Matiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, Mama Hannatu, mutuniyar Numan ce, ba ta da yawan dariya. Ta sa tabarau ta duba, ta sake dubawa.

"Fadi, ina Fizis?"

"Shi zan yi nan gaba, Mama."

"Zaman jarrabawa nawa ke nan?"

Na ƙirga da yatsa, na ce uku.

"To, wannan takarda ba za ta kai ki ko'ina ba. Zama biyu kawai suke karɓa. Na sakandare ɗaya, saura ɗaya. Kemistiri da Fizis dole su fito tare. Ba wanda ya gaya miki?"

Babu wanda ya gaya mini, don ni ma ban tambayi kowa ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Ta shimfiɗa mini hanya biyu. Ko in yi rajistar jarrabawar tsakiyar shekara, saura wata uku, in riski fom ɗin bana tare da Rifkatu. Ko in jira ta ƙarshen shekara, in shiga baɗi. Ta ƙara da cewa sau ɗaya tak za ta iya sake canja mini lokutan aiki saboda jarrabawa, don sauran atenda sun fara ƙorafi. Idan na faɗi, shi ke nan.

Rifkatu ta riƙe hannuna a bayan ɗakin wanki ta ce, "Adda Fadi, mu gwada kawai. Zan koya miki." Na so in ce to, Allah ya sani. Amma da na buɗe littafin Fizis a gida, shafin farko ma ya gagare ni. Na san wata uku ba za su ishe ni ba, kuma na san ba nas nake gaggawar zama ba, tsoron a bar ni a baya nake yi. Washegari na ce wa Mama zan jira.

Rifkatu ta samu shiga. Wannan shekarar ita ce mafi kaɗaici a rayuwata. Ina tashi aiki in wuce lesin a bayan kasuwar Jimeta, in zauna cikin 'yan sakandare da ke ce mini Anti. Abinci kuwa ni kaɗai nake ci, wani lokaci ma in koma da rabinsa gida, don hannuna ya saba zuba na mutum biyu.

Bayan wata shida aka turo ɗalibai koyon aiki ɗakinmu, har da Rifkatu cikin yunifom. Ƙa'ida ce atenda ta bi umarnin ɗaliba. Ta tsaya a gado na huɗu, ba ta iya kallon idona ba, ta ce, "Atenda, a kawo fo." Na ce, "To, Sista." Na kawo.

Na ci duka biyun a zama ɗaya, na shiga a shekarar da ta biyo. Ban yi nadamar jiran ba. Ya koya mini abin da wannan aiki yake nema kullum: ka tambayi ƙa'ida kafin ka ɗaga hannu, kada kuma ka yi abu don kawai na kusa da kai ya yi. Sai dai ku sani, a aikin nas wanda ya riga ka da shekara ɗaya ya riga ka ke nan har ritaya. Ni da Rifkatu muna gaisawa lafiya lau idan mun haɗu. Har yau Sista nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa cewa in daina ba.