Hajiya Zalika Inusa, Unguwar Zomar da Ta Bayyana Tabonta

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Zalika a shekarar 1961 a garin Kore Mairuwa, cikin ƙasar Arewa. Mahaifinta Malam Inusa manomin gero ne, mahaifiyarta Husna kuwa sana'ar man gujiya take yi. Ta sauke Alƙur'ani a gaban kawunta, ta yi lakwal, wato firamare, a garinsu, sannan ta wuce kwaleji a Dogon Dutsi. A 1980 ta tafi Damagaram koyon aikin unguwar zoma, ta fito da shahada mai daraja bayan shekara uku.

Aure da Aiki

A 1984 aka ɗaura aurenta da Malam Zakari, malamin makaranta ɗan Tibiri. An fara tura ta aiki Sukukutane, daga baya aka mayar da ita gidan likitan Geceme, inda ta shafe shekara goma sha biyar. A nan ta lura da wani al'amari da ya tsaya mata a rai: mata masu ciwon daji ba sa zuwa sai ciwon ya fashe ya ci jiki. Wasu sun ɗauka aikin iska ne, wasu kuma sun taso da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ta taɓa shi sai mutuwa. Ta yi ta bayani a wurin awon ciki, mata su saurara cikin ladabi, su koma gida su ci gaba da shafa saiwa.

Jarrabawa

A daminar 2006, tana wanka, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, bai fi ƙwayar gujiya ba, kuma ba ya ciwo. Ba ta jira ba. Ita da mijinta suka tafi Yamai, gwaji ya tabbatar da sankara ce a matakin farko, aka cire maman, ta jure magani mai tsanani har gashinta ya zube. Bayan shekara guda ta koma bakin aikinta da ƙafarta.

A wani taron suna a Geceme, cikin ɗakin da babu namiji, wata dattijuwa ta sake faɗin cewa wanda aka yanka ba ya tashi. Hajiya Zalika ta miƙe, ta kwance zanenta zuwa ƙugu, ta ce: “Inna, ku duba da kyau. Ga inda anka yanka ni, kuma ga ni tsaye gabanku.” Matan suka matso suna duba tabon. Kafin azahar mata huɗu sun ja ta gefe domin ta duba su.

Maganar ta kai kunnen dangin mijinta, suka ce ta zubar musu da mutunci. Malam Zakari ya amsa wa yayansa a gaban jama'a da cewa: “Yaya, ga mata 'yan'uwanta ta nuna, kuma rai taka ceto. Ni na ba ta izini.” Daga nan ba a sake tayar da zancen ba.

Hidimar Al'umma

Tun daga 2008 ta riƙa zaga ƙauyukan Tibiri da Dogon Dutsi tare da abokiyar aikinta Madam Thérèse, suna shiga makarantun Islamiyya na matan aure, da majami'u, da gidajen biki. Tana koya wa mace ta laluba mamanta da hammatarta sau ɗaya a wata bayan haila, ta hanzarta zuwa likita idan ta ji ƙullutu, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, ko kan maman ya shige ciki ko yana fitar da jini. Game da sankarar bakin mahaifa, tana gargaɗi kan zubar jini bayan kwanciyar aure ko bayan haila ta ɗauke, tana kuma yin gwajin da ake shafa ruwan tsami, wanda ke nuna wurin da ya fara lalacewa tun bai zama ciwo ba. Maza ma ba ta bar su ba: ta aika musu ta bakin limamai cewa wahalar fitsari ga dattijo, da jini a bayan gida, da ramar da ba a san dalilinta ba, duk abin kai wa likita ne, kuma allurar rigakafin ciwon hanta tana kare yara daga sankarar hanta. Har wata magajiyar bori ta amince da ita, ta riƙa turo mata duk macen da ta zo da ƙullutu.

Ta sauke farali a 2015, ta yi ritaya a 2021, ta zauna a Dogon Dutsi, amma zaurenta bai rabu da masu neman shawara ba.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na 2023, sakamakon hawan jini, tana da shekara sittin da biyu. An yi mata salla bayan la'asar, aka rufe ta a maƙabartar Dogon Dutsi. Ta bar mijinta, da 'ya'ya huɗu: Mukhtar, Abdulmajid, Mu'awiya, da Amira wadda ta gaje ta a aikin unguwar zoma, da jikoki tara.

A ranar sadakar uku, wata baƙuwa daga Sukukutane ta gama gaisuwar ta'aziyya, ta matso kusa da Amira ta ce a hankali: “Ɗiyata, wurin Hajiya niz zo da wani abu da nij ji a ƙirjina, na iske ta riga mu.” Amira ta share hawayenta, ta kama hannun matar, suka shiga ɗaka.

Allah Ya jiƙan Hajiya Zalika, Ya haskaka kabarinta.