Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Ina cikin shekarata ta biyu a wani gidan kula da tsofaffi a Bronx aka kawo mana Inna. Mutuniyar wajen Maraɗi ce. Ɗanta direban tasi ne ya ɗauko ta don ta ga jikoki, ba ta yi wata uku ba ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Daga asibiti aka turo ta wurinmu ta sake koyon tafiya. Ni ce mai yi mata wanka da canjin kaya da tura keken marasa lafiya, wato in ana jera ma'aikatan gidan daga sama, sai an gaji kafin a iso kaina.

A gidan nan ba a karɓar mutum haka kawai. Nas za ta duba fata da magani, mai gashin ƙashi ya ƙirga taku nawa ake iyawa, sannan ma'aikaciyar walwala ta gwada ƙwaƙwalwa. Daga nan su haɗu da likita a wani ɗaki mai dogon tebur, su tsara yadda za a kula da mutum. Mu masu wanka ba a gayyatarmu. Namu shi ne cike fom kafin mu tashi aiki.

Ma'aikaciyar walwalar wata matashiyar Baturiya ce mai kirki, irin masu tsugunawa gaban tsoho su riƙe masa hannu. Ranar da ta gwada Inna ina hutu, don haka ta kira mai fassara a waya. Ta tambayi sunan mijin Inna, shiru. Ta nuna ɗan, wanda ke zaune a gefen gado, ta tambayi sunansa, Inna ta juya fuska bango. Baturiya ta ja shi waje ta tambaye shi tun yaushe mahaifiyarsa ta daina kiran sunansa. Shi kuma bawan Allah ya faɗi gaskiya, ya ce bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ta rubuta a takardarta, ta ba shi takardar inda ake lallashin masu damuwa.

Ni ma ban fita daga laifi ba. A fom ɗina akwai tambaya ko mara lafiya tana kula danginta idan sun zo. Kullum bayan la'asar ɗan nan zai zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa taga. Sati biyu ina zaɓar "a'a" ina sauri kada motar unguwarmu Soundview ta wuce ni. Ni da na tashi a Kano, a gidan da mahaifiyarmu har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa babban yayanmu. Abin ya zame mini jiki, har ban ga abin bayani a ciki ba.

Wata safiya babbar nas ta gaya mini ranar Alhamis za a zauna a kan Inna, kuma da alama bene na huɗu za a mayar da ita. Can ne wurin masu ciwon mantuwa, ƙofarsu a kulle take, kuma a zamana ban ga wanda ya hau ya sauko da ƙafarsa ba. Ita kuwa Inna burinta ɗaya: ta miƙe ta koma gida kafin damina.

Na yi wa nas bayanin kunyar ɗan fari, don direban tasin nan shi ne ɗan farin Inna. 'Yar Jamaika ce, ba ta ɓoye magana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ita nata ɗan farin sau hamsin take kiran sunansa a rana bai amsa ba, wataƙila mu ne muka gano dabarar. Amma ta sa sunana cikin masu shiga mitin.

Ranar Alhamis na turo keken Inna, na samu kujera a ƙarshen tebur na ɗosana. Ɗan yana nan da hularsa a hannu. Na yi bayani, na kuma amsa laifina na fom. Baturiya ta yi jawur, sai ba da haƙuri take yi. Inna kuwa da ta ga ta samu masu saurare sai ta ware. Ta jero jikokinta shida da ajin kowa, ta faɗi abin da aka ba ta jiya da rana da abin da ya rasa, ta kuma ce a gaya wa mai gashin ƙashi taku goma sha huɗu ta yi, ba sha biyu da ya rubuta ba. Ya duba takardarsa ya yi dariya.

Likita ya ce ya ji, kuma yana girmama al'adar kowa, amma shi ne zai sa hannu. Inna ta faɗi sunan ɗan nan nata, sau ɗaya, a rufe magana.

Na sunkuya na ce, "Inna, don Allah sau ɗaya. Ko a kunnena ne. In ba haka ba sama za su kai ki."

Ta harare ni. "Ke 'yar Kano, ba ki da ta ido. Shekara hamsin da ukku ina riƙe da bakina, tun ran Larabar da ya hwaɗo ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai yau zan saki don bene? Ku kai ni saman." Ta mayar da ido kan taga. "Kuma ki ce ma wancan ya bar hita aiki bai ci komi ba. Ya rame."

Na fassara ban rage komai ba. Likita ya nemi lasin tuƙin ɗan ya duba. Ranar haihuwa dai ɗaya ga Janairu ce, kamar ta yawancinmu da muka yi takardu da girma, amma shekarar ta yi daidai. Ya rufe fayil. Aka bar Inna a ɗakinta, aka ƙara mata lokacin gashi, aka rubuta a tsarin kulawarta cewa kada a sake tambayarta sunan miji ko na ɗan fari. Nas ta ce daga yau ni ma in riƙa zuwa mitin, tunda na fara koyon buɗe baki.

Da na mayar da Inna ɗaki na fito, sai na tarar da ɗan a bakin lif, bai danna komai ba. Ƙato ne, ga furfura a gemu, amma idonsa ya cika. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ya ce, "'Yar'uwa, da gaske Laraba ta ce?"

Na ce Laraba ta ce, ana ruwa.

Ya jinjina kai. "Ban taɓa sani ba." Ya goge fuska da hular, ya tambaye ni ko akwai inda ake sayar da abinci a nan kusa.