Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha tara gwaggona ta yi tana kula da ɓeraye a ɗakin binciken magunguna, har ake ce mata Uwar Ɓeraye, kuma tana amsawa. Arba'in ake kawo mata a kowane zubi, farare tas, kowanne da lambarsa da ƙarin ciwon dajin da aka dasa masa. Kullum da safe takan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta laluba ƙarin, ta auna da ɗan ƙarfen awo, ta rubuta a littafi. Ƙullutu ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, yatsanta sai ya gano shi.

Ogansu, Farfesa, aikinsa ƙunshe maganin ciwon daji cikin ƙwayoyin wata irin roba mai narkewa a jiki, 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Gwaggo ta fi shi iya bayani.

"Tsohon maganin nan, kamar a kwara wa gida ruwan zafi ne don kyankyaso ɗaya," in ji ta. "Namu kuwa ɗan aike ne, sai ya isa ƙofar ciwon yake kwance ƙunshinsa. Dubi ɓerayena, ko gashi ɗaya bai zube ba."

Duk shekara Farfesa yakan ce baɗi za a fara gwadawa a kan mutane. Kowa ya san baɗin Farfesa, ban da Gwaggo.

Ranar da ta ji ƙullutu a nononta na hagu ba ta je asibiti ba, alhali asibitin tsallaken titi yake. Ƙarfen awonta ta ɗauko. Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta lamba arba'in da ɗaya. Wata goma sha huɗu tana aunawa duk Litinin, ba fashi. Ni na tsinci littafin a jakarta ina neman makulli, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

"Gwaggo, wane irin ganganci ne wannan?"

"Ke, rufe mini baki. In yarda a kwara mini ruwan zafi, ga namu a hanya? Ni fa na yi rainonsa."

Ikon Allah, baɗin ta zo. Gwaggo ta ci ado, na raka ta wurin tantance masu shiga gwajin. Likitan ya ce waɗanda ƙarinsu bai wuce santimita uku ba kawai za a ɗauka, ya miƙa hannu zai duba ta.

"Kada ka wahalar da kanka, likita. Biyar da ɗigo biyu."

Ta ba shi littafin. Ya bi shafin da yatsa har inda ƙarin ya haye ukun, tun a wata na shida. Ya ce bai taɓa ganin awo mai tsafta haka ba.

Yanzu tsohon maganin ake ɗura mata. Ranar da take da ƙarfi takan je aiki da ɗankwali a kai, babu gashi ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Jiya na same ta riƙe da lamba tara, tana shafa masa baya.

"Kai dai ka dace, ɗan nema," ta ce masa. "An fara maka da wuri."